Jins Sama, Jins Ƙasa, da Jar Darar Baba

Ran nan ina zaune gindin dogon yaro ina tsintar shinkafa, sai ga Nafisa, autata, ta faɗo gida kamar an koro ta, da baƙar leda a hannu.

"Inna, rufe idonki!"

Na ce, "Ke rabu da ni, in rufe ido kaji su cinye mini shinkafa?"

Ta shige ɗaki, jim kaɗan ta fito. Jama'a! Siket na jins har idon sawu, riga ta jins mai maɓallan ƙarfe a sama, ga aljihu nan ga aljihu can. Wajen 'yan gwanjo ta samo su a kasuwar Ƙonni, don ita da ƙawayenta sun yi shawarar ankon jins za su yi ranar walimar gama koyon ɗinki. Ta juya, ta sake juyawa, sannan ta ɓata fuska.

"Amma shuɗin bai zo ɗaya ba. Na saman ya koɗe, na ƙasan ya yi duhu."

Na ce, "To ai haka ake so! Mai duhu a ƙasa, koɗaɗɗe a sama. Naɗe hannun rigar kaɗan a ga awarwaronki. Sannan ki buɗe akwatina ki ɗauko jan kallabin nan ki ɗaura. In kin yi shuɗi tun daga wuya har sawu, to kai sai ja."

Ta riƙe ƙugu tana kallona. "Inna, ke da ko ƙofar gida ba ki leƙawa sai suna ko biki, ina kinka san gayun jins?"

Na yi dariya har faifan ya karkace, kaji sunka samu rabonsu. Na ce mata wajen kiski na koya, jan ƙadangaren nan mai gyaɗa kai bisa katanga. Ta ce Inna ta fara. Ban fara komai ba, gaskiya na faɗa mata.

Ƙauyenmu na can bayan Illela, Illelarmu ta hanyar Tawa, ba ta tsallaken iyaka ba. In kaka ta wuce, rumbuna sun cika, ɗari ya sauko, to babu inda yaran gidanmu da na maƙwabta ke taruwa bayan isha'i sai ƙofar ɗakin Kaka, uwar Babanmu. Wuta take hurawa da kara da ɗan kututture, ta zauna tana kaɗi, mazari na juyawa, mu kuma muna ta binne gyaɗa da dankali cikin toka. Har yau in na ji ƙanshin dankalin da bayansa ya ƙone, sai in ji kamar in waiga in gan ta. Farcenta shuɗi ne, don tun tana amarya take rina zare a wata babbar tukunya bayan ɗaki, shunin ya kama hannun ya ƙi saki har ta tsufa. In za ta fara tatsuniya takan ce, "Ga ta nan tafe, ta ɗauro zane." Mu kuma mu amsa da ƙarfi, "Ta shigo, mun share mata wuri!"

Sai dai akwai abin da ya kamata in faɗa tukuna, don 'ya'yan yanzu ba su san shi sosai ba. Babanmu ɗan farin Kaka ne. Saboda haka ba ta faɗin sunansa, ba ta zama wuri ɗaya da shi, ba ta yi masa magana kai tsaye. In ta so a kira shi sai ta ce, "A kira mini na zaure." Shi ma Baba haka yake da Yaya Hamidu, ɗan farinsa. Tunda nike ban taɓa jin sunan Yaya a bakinsa ba, sai "yaron nan". Innarmu ma haka. Kunyar ɗan fari ke nan. Shi ya sa a ɗakin Kaka Yaya ya tashi, ita ta goya shi, ita ke kiransa maigidanta, irin wasan kaka da jika.

Yaya Hamidu ya tafi biɗa, wato neman kuɗi, Abijan ya daɗe, damina ta zo ta wuce ta sake zuwa ba shi. Rannan da la'asar sai munka ji yara na ihu daga bakin hanya, "Hamidu ya zo! Hamidu ya zo!" Na yar da tsintsiya na ruga. Wayyo daɗi! Ga shi nan tafe da jaka a kafaɗa, wando shuɗi, riga shuɗiya 'yar guntuwa, duk yadi ɗaya mai kauri, maɓallai na walƙiya cikin rana, gashi ya taru bisa kai kamar sheƙar tsuntsu. Ba mu taɓa ganin irin tufan nan ba. Yara na shafa wandon suna gudu, 'yan mata sun leƙo ta saman darnin karan da ya kewaye gida tulunansu na tsiyaya, wani tsoho ya tsaya da jakinsa ya saki baki. Na kama hannun Yaya na riƙe gam, don kowa ya san wana ne. Na ce, "Yaya, mi ne sunan wanga?" Ya ce, "Jins." Na yi ta maimaitawa har gida kada in manta.

Ya buɗe jaka ya raba tsaraba. Alawa gare mu, sabulu mai ƙanshi ga Inna, bargo ga Baba. Ana cikin haka Baba ya shigo. Ya dubi Yaya daga sawu har kai, ya daɗe a kan kan. Sannan ya juya wajen Inna.

"Ki gaya ma yaron nan gidana ba tasha ba ne. Mun aika mutum biɗa, an maido muna yaron mota. Kai babu hula, riga ba ta rufe ɗuwawu ba! Ko shi tuɓe buhun ga shi sa tufan mutane, ko shi koma inda ya samo shi."

Ya fice, ko bargon bai taɓa ba.

Can Abijan Yaya ya yi dako a tashar jirgin ruwa har kafaɗarsa ta yi kanta, tufan nan su ne abin da ya saya wa kansa don a gani a san bai tafi banza ba. Ya mayar da sauran kaya cikin jaka ya ja zik. Ya ce wa Inna, "Jibi kasuwar Illela. Akwai mota." Tuwon dare ma bai ci ba. Ina ganin Inna a madafa tana share ido da bakin zane tana cewa hayaƙi ne. Ni ƙarama ce, amma na san wanda ya tafi biɗa da fushi ba ya dawowa. Ɗan maƙwabtanmu haka ya tafi, uwarsa ta mutu tana tambayar matafiya labarinsa.

Da anka yi isha'i Kaka ta hura wutarta. Amma ranar ba wurin da ta saba ta shimfiɗa tabarma ba, sai ta ja ta har jikin darnin da ya raba mu da rumfar da Baba ke kishingiɗa. Sannan ta ɗaga murya.

"Ina maigidana? Ko an yi maka wata a Abijan ka manta da tsohuwar zuma? Taho nan in ga abin da ka sawo da kuɗin cefanena."

Yaya ya zo yana jan ƙafa ya zauna. Ta kama bakin wandon ta murza, ta shinshina, ta juya cikinsa ta kai kusa da wuta. Sai ta tafa hannu.

"La ila! Ai shuni ne! Ku duba, zaren tsaye shuɗi, na kwance fari. Wanga ai saƙi ne, irin wanda kakanka ya sa ranar da anka kai ni. Sai dai masaƙin nasu ba shi da tausayi, ya matse shi kamar fatar jaki."

Yaya ya so ya yi dariya ya danne. Ta ce ɗari ya toshe mata kunne, yau sai ta yi magana da ƙarfi kafin ta ji kanta. Ta ce ga ta nan tafe, munka ce ta shigo.

Wai a zamanin da, ƙadangaru duk jikinsu launin ƙasa ne, sai dai gidan Kiski, su kansu ja ne, da shi ake gane su ko daga nesa. Suna zaune bisa wani tsohon rumbu. Wata shekara ƙwari sunka yi ƙaranci, sai babban ɗan gidan ya tafi biɗa wani gari mai nisa, ya sauka a marina. Nan ya zauna bakin rijiyoyin rini yana cin ƙuda, rana ta dake shi, marina su kore shi da sanda. Kullum yana kallon yadda ake tsoma farin zane a fito da shi shuɗi, a buga shi har ya yi ƙyalli. Abin ya shiga ransa. Ran nan ya tsoma wutsiya. Ya waiga ya dube ta, ya ce kai, wannan wutsiya ta fi ƙarfin sauran jikin. Ya tsoma ƙafafu. Ya tsoma ciki da baya.

"Daga nan fa?" in ji mu.

"Daga nan ya toshe hanci ya yi tsulum gaba ɗaya, har kai!"

Munka kwashe da dariya. Kaka ta miƙe wuya tana taku da kafaɗa, tana nuna muna yadda Kiski ya doso gida yana yanga, shuɗi tun daga hanci har wutsiya, 'yan matan ƙadangaru na faɗowa daga bango don kallo. Uban yana bisa rumbu yana shan hantsi. Kaka ta ce tun daga nesa ya gane ɗansa, don uba ba ya ɓata tafiyar ɗansa ko an rina shi da tawada. Zuciyarsa ta yi fari tas. Amma ga maƙwabta jere bisa katanga suna jiran su ji abin da zai ce. Ya duba bai ga jan kai ba. Sai bakinsa ya riga zuciyarsa, ya ce, "Wanga baƙo daga ina? Mu gidanmu ba mu da shuɗin kai."

A nan ne munka ji tari daga bayan darni. Kaka ta yi kamar ba ta ji ba, ta ƙara kara a wuta.

Ta ce Kiski ya yi fushi, ya juya ya kama hanya, ya shiga fili fetal, babu bango babu rami. Shuɗi kuwa bisa farin rairayi, ko makaho ya gan shi. Sai ga shirwa ta taso tana kewaya, tana saukowa, inuwarta na wucewa bisa bayansa. Shi kuma girman kai ya hana shi waigawa, gara shirwa da a ce ya dawo da kansa. Akwai wata tsohuwar ƙadangaruwa cikin ramin rumbun, haƙoranta duk sun zube. Ita ba ta iya hawa bisa ta yi wa na bisa rumbu magana, don tsakaninsu akwai kunya. Sai ta leƙo da kai ta faɗa wa iska, "Jiki nashi ne, shi ya sha ranar, shi rina abinai. Kai ne namu. Ashe duk gidan ga babu mai ɗan abu ja da za shi ɗora ma yaro a kai, a kira shi kafin shirwa ta sauko?"

Sai Kaka ta naɗe zarenta a mazari ta yi hamma.

Munka yi ca. "Kaka, shirwa ta ɗauke shi? Kaka, ƙarasa!"

"Ni ma nan anka tsaya mini. Ku tone dankalinku kada shi ƙone."

Na yi kuka, na yi birgima, na ce ba ni kwana sai na ji. Ta ce in yi ta birgima, ƙasar ma tana son a share ta. Yaya kuwa yana ta tsokanar toka da kara. Bayan darni kuwa ko motsi babu.

Da safe ni na fara fitowa zan kai wa Kaka ruwan zafi. Ina ɗaga kai sai na ga abu ja bisa dirkar darni, daidai ƙofar ɗakin da Yaya ya kwana. Jar darar Baba! Wadda ba ya sawa sai ranar salla, wadda ke cikin kwano a rufe bisa rataya, wadda in ka taɓa ta sai ka sha carbi a baya. Na saki buta na yi ɗakin Kaka da gudu ina haki. Ta fito tana gyara ɗaurin zane, ta dubi hular ta riƙe haɓa.

"Ikon Allah. Shekara da shekaru ina zuba ma darnin ga ruwan wanke-wanke, sai yau ya yi fure."

Yaya ya fito ya tsaya gaban hular ya daɗe. Ya ɗauka ya ɗora, ta ƙi zama, gashin nan ya turo ta ta faɗo. Ya tare ta da hannu biyu kafin ta kai ƙasa. Kaka ta ce, "Maigida, hular manya ba ta zama bisa sheƙa." Ya fita, ni da sauran yara muna biye, har rumfar wanzami. Anka kwashe gashin nan tas. Ya ɗora dara, ya ɗan karkata ta gefe, ya naɗe hannun rigar, ya gyara kwala. Kai! Wallahi har yau ban ga gayen da ya kai na ranar nan ba. Shuɗi sama, shuɗi ƙasa, ja bisa kai kamar garwashi. Wanzamin da kansa ya ja baya ya ce, "Tabarkalla, ɗan Malam!"

Daga nan zaure ya nufa. Baba na zaune da mutane biyu ko uku. Yaya ya cire takalmi zai durƙusa, wandon nan ya yi wata ƙara, duk munka riƙe numfashi kada ya ɓarke a gaban dattawa. Allah ya rufa asiri, masaƙin nasu ya iya aiki. Ya gai da Baba kansa a ƙasa. Baba na kallon wani gefe, bargon Abijan lulluɓe a kafaɗarsa. Sai ya gyaɗa kai. Yaya ma ya gyaɗa kai. Ƙanena ya dafe baki ya ce, "Kiski!" Munka watse da gudu muna dariya har da faɗuwa. Muna jin Baba daga baya yana faɗa wa bango, "A gaya ma yaron nan gobe kasuwa. Buhun wake ba shi kai kansa Illela."

Yaya ya je Illela ranar kasuwa kamar yadda ya faɗa, amma bayan jaki, shi da Baba, kuma tare sunka dawo da yamma da tsire a takarda. A daren Kaka ta ce ta tuno ƙarshen. Wai uban ya sauko ya tauna goro ya shafa wa ɗan a kai, shirwa ta koma da yunwarta. Uba ba ya iya ce wa ɗan fari sannu da zuwa, sai ya gyaɗa kai, ɗan ya gyaɗa, to shi ne har yau ba su daina ba. Ta ce, "Ta ƙare, na naɗe ta na tura ƙarƙashin tabarma, wanda ya taka mini ita shi za shi share toka."

Da ina yarinya na ɗauka labarin ƙadangare ne kawai, in na ga kiski bisa katanga sai in gaishe shi. Da na yi wayo na mai da shi dokar kwalliya, kuma tana aiki, ku tambayi Nafisa, hotonta ya fi na kowa a walimar. Sai da na haifi nawa ɗan farin, na ji yadda magana ke tsayawa a maƙogwaro, ga so cike da ciki ga baki a ɗaure, sannan na gane aikin da tsohuwar nan ta yi da kara uku da mazari. Ba ta ce wa kowa ya yi laifi ba. Ta samar wa Baba hanyar janye maganarsa ba tare da ya buɗe baki ba, ta samar wa Yaya hanyar sunkuyawa ba tare da ya tuɓe abin da ya sha wuya a kansa ba. Ni dai ban yi lakwal mai nisa ba, bokona kaɗan ne, kuma ban je ko'ina ba. Daɗin duniyata ƙanana ne: shayin safe, ƙanzo da ƙuli, inuwar dogon yaro, yarinya ta fito daga ɗaki ta ce Inna dube ni. Amma na lura irin waɗannan ƙananan ne ke riƙe gida, kuma a kansu ne gida ke tsagewa in babu mai dabara kusa.

Yaya Hamidu yanzu gemu ya yi fari, yana sayar da albasa a Dogarawa, babbar riga har ƙasa, carbi ba ya barin hannunsa. Kwanan baya ya kira ni a waya yana huci. Babban ɗansa ya dawo daga Yamai da wandon jins yagagge a gwiwa, wai haka anka sayar masa, da kuɗi!

"Dije, ki ji mini yaron nan! Na ce ma uwarsa ta gaya mashi, ko shi cire tsumman ga ko shi bar mini gida!"

Na bar shi ya zazzage duka. Da ya tsaya shan iska na ce, "Yaya, wai ina jar darar Baba? Wurinka take ko?"

Har na duba wayar ko ta yanke. Can sai na ji dariya ta taso masa tun daga ciki, irin wadda ya danne a bakin wutar Kaka.

"Tana cikin kwanonta," in ji shi. "Ke Dije, gidan nan namu na siminti ne, babu darni. Ina zan rataya ta?"

Na ce, "Ƙofar ɗakinsa ba ta da ƙusa?"